Takun da Ya Gajarce

Ƙarti huɗu Maigida ya kira su fitar da duro na uku daga sito, sai ga mutum ɗaya ya jijjiga shi da hannu guda. Duron da ya kamata ya ɓalla bayan ƙato ya yi ƙara kamar gwangwanin madara. Muka leƙa bayansa, muka tarar da siririn tiyo an zura shi ta kafar iska, ya ɓulla filin da ke bayan maɗaba'a. Wani ya daɗe yana tatsar duron nan kaɗan-kaɗan, mu kuwa muna gaba muna ta buga littattafan makaranta.

Ni ne mai duba rubutu a wurin. Shekara goma sha tara ina farautar kuskuren mutane kafin ya hau inji, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin aikin fiye da kima. Farar Riga ake ce mini, don ni kaɗai ne a maɗaba'ar ba za ka ga ɗigon tawada a jikina ba. Yayata ke mini wanki. Wanki da guga ne sana'arta tun da mijinta ya rasu, kuma duk Alhamis takan zo bayan maɗaba'a ta kwashi ragowar takarda don naɗe kayan da ta goge.

Abin da ke cikin duron ruwan wanke inji ne, fari tas kamar na sha, da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Tsohon mai jan injinmu ya yi shekara ashirin da shida yana tsoma hannu a ciki, a lungun da ko taga babu. Wata biyu kafin wannan rana muka binne shi. Likitar da ta yi jinyarsa ba ta bar maganar a asibiti ba, da ƙafarta ta zo ta ɗebi ruwan a kwalba, bayan mako uku ta dawo ta tara mu.

Ta ce, “Kun san ɓargo?”

Maigida ya ce ya san na ƙashin miya.

“To naku ma haka yake, kuma a cikinsa ake ƙera jini. Akwai wasu ƙwayoyi iyaye a ciki. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, da farare masu yaƙar cuta, da ƙanana masu tsayar da jini in an yanke. Ruwan nan naku akwai wani sinadari a ciki, benzin. In mutum ya shaƙa ko ya ratsa fatarsa, hanta ta sarrafa shi, sai ya zarce ɓargo ya lalata iyayen nan. Wani ɓargonsa ya gaji ya rage aiki. Wani kuma iyayen su riƙa haifo gurɓatattu ba tsayawa, har masu kyau su rasa wurin zama. Ita ce sankarar jini, ita ta kashe abokin aikinku.”

Na ce, “Wato kuskuren a kan farantin bugu yake. Duk takardar da ta fito, da shi za ta fito.”

Ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗa daidai haka ba. Na yi mako guda ina maimaita wa mutane wannan yabo.

Ta ƙara da cewa ba duk wanda ya shaƙa ke kamuwa ba, yawan shekaru da rufaffen ɗaki su ne masifar. Ta lissafa mana alamu: gajiya ba dalili, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, dasashi mai jini, da shatin taruwar jini a fata ba tare da an buge ba. In an gano da wuri akwai abin yi, in an makara sai addu'a.

Shi ya sa da Maigida ya ga duro wayam bai yi zancen asara ba. Ya fita bakin titi ya ɗaga murya, ya ce duk wanda ruwan ke hannunsa ya fito, ba ɗan sanda ba tonon asiri, abin kisa yake. Mutanen layi suka yi masa dariya. Suka ce dabara ce ta mai dukiya, kuma kafin azahar sun riga sun yanke hukunci cewa mai gadi ne. Mai shayi ya daina ba shi kofi, mata suka fara jan 'ya'yansu in ya gifta.

Maigida ya ce mini, “Wani na can yana mutuwa bai sani ba. Je ka kira mini Ido-ƙasa.”

*

Ido-ƙasa tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana bin sawun shanun da aka sace. Da gwiwa ta gaza ɗansa ya ɗauko shi ya kawo gari, ya koma zama kusa da mai gyaran takalmi yana kallon ƙafafun masu wucewa. Ba ya duban fuska. In ka gaishe shi, yatsun ƙafarka yake amsa wa.

Ya hana kowa shiga filin bayan sai ni, ni ma ya ce in bi ta jikin bango kamar ƙadangare. Ƙasar wurin da damshi saboda kwatar da ke gefe. Ya tsuguna a bakin tiyo ya daɗe, har na fara tunanin barci ya ɗauke shi.

“Silifa ce,” ya ce. “Babba. Ƙasanta ya sulɓe ya kumbura, babu zane ko ɗaya. Ruwan naku yana cin roba?”

“Yana ci, Baba.”

Ya bi sawun a tsugune, ni kuma ina bin sa da littafina kamar na san abin da nake rubutawa. Can ya nuna mini wani shati mai kusurwa huɗu a ƙasa, gindin jarka. Ya ƙirga taku ashirin, ga wani shatin. A gefensa akwai ɗigo uku baƙaƙe da suka bushe.

“Jarkar ba ta kai nauyin ɗan akuya ba, amma an dire ta sau biyu kafin ƙofa. Nan kuma an tsaya an sunkuya, hanci ya zubar da jini.”

A bakin ƙofar baya akwai simintin da muka zuba shekara huɗu da suka wuce, wani ya taka shi yana ɗanye, Maigida ya yi ta faɗa a lokacin. Ido-ƙasa ya share wurin da tafin hannu. Silifa ɗaya ce, sai dai a nan zanenta bai gama gogewa ba. Ya zari tsinke biyu daga tsintsiyar mai gadi, ya gwada ɗaya da takun da ke kan siminti ya karya, ya gwada ɗayan da takun da ke cikin ƙasa ya karya. Ya jera su a tafinsa. Na biyun bai wuce kashi biyu cikin uku na na farkon ba.

“Mutum ɗaya, taku biyu,” ya ce. “Shekara huɗu ba ta cin taku haka. Maigidanku ya yi gaskiya, ɓarawonku ba shi da lafiya.”

Da za mu fita ta cikin maɗaba'a, tsohon ya yi tuntuɓe ya dafa bakin gwangwanin tawada, hannun rigarsa ya yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya tsaya yana salati, ya ce ita ce rigarsa ta fita kunya. Maigida ya ba shi haƙuri, ya ce tawadar inji ba ta jin sabulu, ba ta jin kananzir.

Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Na ce, “Kawo ta, Baba. Yayata za ta mayar maka da ita kamar yau aka ɗinka.”

Ya tuɓe ya ba ni, Maigida ya ara masa wata.

*

Mai gadi na zaune a ƙofar ɗan ɗakinsa da ke kusurwar filin, ya yi zuru-zuru. Dattijo ne mai shiru, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba a iya sanina, amma kwana ɗaya na zargi ya isa ya sa mutum ya yi kama da mai laifi.

Ido-ƙasa ya ce, “Alhamis da ta wuce, da rana, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci, kana ina?”

“Barci nake. Ni da ke kwana a tsaye, rana ai tawa ce.”

“Ba ka ga kowa ba?”

“Ban ga kowa ba.”

“Wannan bencin naka yana tafiya da kansa ne?”

Mai gadi ya dubi bencin kamar yau ya fara ganinsa.

“An ja shi gefe, an mayar,” in ji tsohon, yana nuna layi biyu a ƙasa. “Ga ƙafarka ba takalmi a inda ka tsaya ka ja. Mai jarka ya bi ta tsakani. Ba barci kake ba, hanya ka ba shi.”

Mai gadi ya miƙe tsaye. Ya ce, “Ku kore ni in za ku kore ni. Ni dai ban ga kowa ba.”

Da muka fito na ce, “Shi ke nan, Baba, da shi aka haɗa baki.”

“Ya yi ƙarya, amma ba don cikinsa ya yi ba. Wanda ya ci rabo cewa yake ku bincika. Wannan cewa ya yi ku kore ni.”

*

Bango ɗaya ya raba mu da bakanike, kuma ta filinmu yake bi ya ɗebi ruwa. Mun same shi ya kafa baki a tiyo yana tsotso fetur daga tankin wata mota. Ya tofar, ya goge baki da bayan hannu. A ƙafarsa ga silifa ƙatuwa, baƙa, ta sha mai. Na zunguri tsohon da gwiwar hannu har ya kusa faɗuwa da gaske.

Bakanike ya ce, “Na ji an ce ɓarawo kuke nema. Ni da nake wanka da fetur, me zan yi da ruwanku mai ƙamshin mata?”

Ido-ƙasa ya ce, “Taka nan in gani, ɗana.”

Ya taka da ƙarfi don a san ya taka. Tsohon ya duba sau ɗaya ya miƙe.

Ni ban haƙura ba. Na ce wa bakanike likita ta ce shi ma fetur akwai wannan sinadari a cikinsa, gara ya nemi famfo ya bar tsotso, ya kuma riƙa wanke hannu da sabulu. Ya yi dariya ya bugi ƙirji, ya ce shekara talatin yana yi ko ciwon kai bai sani ba.

Ido-ƙasa ya ce, “Mai jan inji ma ashirin da biyar ya yi lafiya lau.”

Dariyar ta tsaya. Muna fita na ji yana tambayar mai motar ko ya san inda ake sayar da famfon hannu.

Na ce, “Baba, silifar fa?”

“Shi diddigensa huda ƙasa yake. Wancan sawun babu nauyi a diddige ko kaɗan, duk nauyin a tsakiya ya taru. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi.”

Na rubuta a littafina cewa a nemi matashi mai sa takalmin ubansa, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Har yanzu in na ga shafin nan kunya nake ji.

*

Da la'asar na kai wa Yaya rigar. Na same ta zaune a dokin ƙofar ƙaramin ɗakin da ke bayan gidanta, wanda nake tsokanarta da kira ɗakin sirri. A nan take cire tabon da ya gagari kowa. Kullum ƙofarsa a rufe, tagarsa a toshe da tsumma, don sauran masu wanki na unguwar sun sha aiko da 'yan leƙen asiri. Ko ni ba ta taɓa barina na shiga ba.

Ana zafi kamar a gasa mutum, amma tana sanye da riga mai dogon hannu. Numfashinta na fita sama-sama.

Na ce, “Yaya, kin rame.”

“Kai kuma ka yi ƙiba, Auta, ba mai ce maka komai. Me ka kawo?”

Na ba ta rigar, na kwashe labarin duro kaf na faɗa mata, har da maganar farantin bugu da yadda likita ta yaba mini. Ta saurara tana murza hannun rigar tsakanin yatsu.

“Masu dukiya ba abin da ba za su faɗa ba don kayansu su dawo,” ta ce. Sannan ta ce, “Likitar da bakinta ta ce yana kisa?”

“Da bakinta.”

Ta kai gefen mayafi bakinta ta goge, ta duba, ta dunƙule shi da sauri. Ta ce asuwaki ne ya soke ta. Na yi mata wa'azi a kan hutu da cin abinci a kan lokaci, na tafi ina jin na sauke nauyin 'yan'uwantaka.

*

Washegari na miƙa wa Ido-ƙasa rigarsa a naɗe cikin takardarmu, ina jiran yabo. Ya warware ta. Hannun rigar fari fat, ko inuwar tabo babu. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, “Kai ba ka jin ƙamshin komai?”

Na shinshina na ce sabulu ne. Shekara goma sha tara a maɗaba'a, hancina ya daɗe da daina jin warin gidanmu.

Ya naɗe rigar a hankali. “Gobe Alhamis ko? Ka ce wa Maigida ya tara mini duk mai taka filin bayan nan da rana tsaka. Mai gadi, bakanike, mai kwasar takarda, da kai.”

“Har da ni?”

“Kai ne ma na farko.”

*

Kafin mu zo ya share filin tas ya yayyafa ruwa. Mutanen layi sun yi cincirindo a ƙofa suna jiran a fito da mai gadi, tsohon ya sa Maigida ya rufe ƙofar a fuskarsu. Bakanike ya shigo yana mita, mai gadi ya rakuɓe a jikin bango. Yaya ce ta zo ƙarshe da buhunta na takarda. A tsakiyar fili ta tsaya ta dafa ƙugu ta numfasa, sannan ta ƙaraso ta zauna a bakin benci.

Ido-ƙasa ya ce, “Ni ban iya karatu ba. Farar Riga, maimaita mana alamun da likita ta faɗa.”

Na miƙe na gyara murya na lissafa: gajiya ba dalili, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, dasashi mai jini. A kan na uku na tsaya cak, ban san dalili ba tukuna, ko kuma na sani na ƙi.

“Wanda nake bi ba ɓarawon dare ba ne,” in ji tsohon, idonsa a ƙasa. “Da rana yake zuwa, ba ya sauri, ba ya waige. A ganinsa ba sata yake ba. Takalmin ba nasa ba ne, na wani ne da ya fi shi ƙafa, kuma ya ƙi rabuwa da shi ko da ya sulɓe. Shekara huɗu da suka wuce takunsa wannan ne.” Ya ɗaga dogon tsinke. “Yau kuma wannan.”

Ya tafi a hankali zuwa tsakiyar fili, ya tsallake sawun bakanike, ya tsallake nawa, ya tsuguna ya aza gajeren tsinken tsakanin sababbin sawu biyu. Ya zauna daram. Na bi sawun da ido har bakin benci, har kan silifar marigayi mijin Yaya, wadda na gani sau dubu a ƙofar ɗakinta.

Mai gadi ne ya fara magana, kuma ba da mu yake ba. “Baiwar Allah, na ɗauka rufa miki asiri nake. Wallahi da na yarda abin kisa ne, da ni zan fasa jarkar.”

Yaya ta ce, “Ba sai kun ƙarasa ba.” Ta naɗe hannun rigarta. Daga wuyan hannu har gwiwa shati ne baƙi-baƙi, wani sabo wani ya fara dushewa. “Marigayi mai jan inji shi ya zura tiyon, shi ke cika mini jarka, ya ce ɗan wannan ba ya rage duro. Da ya kwanta ciwo na ji kunyar roƙon wani, na riƙa ɗiba da kaina. Da shi na riƙe gida, Maigida. Da shi 'ya'yana suka gama makaranta.”

Maigida ya ce, “A ina kike aiki da shi?”

“A ɗaki. In na bar taga a buɗe guduwa yake, kafin in juya kwano ya bushe. Sai in toshe ko'ina in zauna da shi.”

“Tun yaushe?”

“Shekara shida.”

Bakanike, da bakinsa ba ya shiru, ya ce, “To ke wa ya nuna miki yana cire tabo tun farko?”

Yaya ta ce, “Ni na gano da kaina.”

Ta faɗa da sauri, ba ta dube ni ba, kuma rashin duban nan ne ya tuna mini. Shekara shida da suka wuce tawada ta zuba a aljihun wata sabuwar rigata. Na ɗebi ruwan a kwalbar turare na kai mata, na ce ta gwada wannan, yana wanke ƙarfe balle yadi. Na karɓi rigata fes na manta da zancen. Ban taɓa tambayar yadda sauran rigunan shekara shida suke fita ba, yabon da ake mini ya ishe ni.

Na ce, “Ƙarya take. Ni na kai mata kwalbar farko.”

“Auta, yi shiru.”

“Ba zan yi ba.”

Ido-ƙasa ya ɗago, karo na farko da na ga ya dubi fuskar mutum, kuma tawa ya duba. “Tun ranar farko na ga mutum goma sha ɗaya a gidan tawada, goma da tabo, ɗaya babu. Kana tsammanin wanda ya yi shekara hamsin a bayan shanu bai taka kashi da kuskure ba, shi zai faɗa gwangwani? Da gangan na shafa tawadar. Wanki ɗaya na ƙara mata a ɗakin nan, Allah ya yafe mini.” Ya juya ga Maigida. “Na kawo ka inda sawu ya ƙare. Sauran tafiyar da mota za a yi.”

Maigida da kansa ya tuƙa mu zuwa asibiti. Da muka buɗe ƙofa mutanen layi suka ga mai gadi riƙe da buhun Yaya yana buɗe mata mota, suka rasa wanda za su zaga.

*

Likita ta ɗebi jini, bayan kwana biyu ta ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu. Ta kira ni ofishinta ita kaɗai. Ta ce iyayen ƙwayoyin sun lalace, gurɓatattun sun fara yawa, amma ba su cinye wurin ba tukuna. Da an ƙara wata shida, da wata magana muke yi.

Ta ce, “Magani zai danne su. Amma in ana son a rabu da abin, sai an sake farantin, kamar yadda ka faɗa. Dashen ɓargo. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke?”

“Uwa ɗaya uba ɗaya.”

“Cikin 'yan'uwa huɗu, ɗaya ake sa ran nasa ya dace. Ku nawa ne?”

“Mu biyu muka rage.”

Wannan karon ban ji daɗin an tuna maganata ba. Na naɗe hannun riga na miƙa mata. Kwana goma sha ɗaya na yi ina jiran sakamako, a cikinsu kuskure bakwai suka wuce ni suka hau inji, Maigida bai ce mini uffan ba. A rana ta goma sha biyu likita ta kira ta ce ya dace. Na zauna a kan tarin takarda na yi kuka a gaban ma'aikata, ban damu da wanda ya gani ba.

*

Wata tara ke nan yanzu, an yi wa Yaya dashen. An kwashe sauran duro biyun, an fasa tagar ɗakin sirri an mayar da shi wurin ajiye gawayin guga. Likita ta ce kada mu yi saurin murna, sai an ga shekaru, kuma duk wata muna komawa a duba jini.

Makon jiya Ido-ƙasa ya zo gaishe ta. Bai zauna ba, ya karɓi tsintsiya ya share tsakar gida ya yayyafa ruwa, ya ce ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa bakin randa. Ta ce ita ba saniyar sata ba ce, amma ta taka, da takalmi daidai ƙafarta. Ya ciro tsinkayen nan biyu daga aljihu, ashe yana ajiye da su. Ya aza gajeren. Takun ya wuce shi da faɗin yatsa uku. Ya aza dogon, da saura.

Ya karya gajeren ya jefar, ya miƙo mini dogon. “Riƙe wannan. Ka iya duba takarda, yanzu ka koyi duba ƙasa.”

Yaya ta zauna tana haki kaɗan, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Akwai tawada a aljihuna, akwai a hannun riga, akwai wata tsohuwar tawada a ƙirji da ta yi wata biyar.

Ta ce, “Ji rigarka don Allah, Auta, kamar ba ka da 'yar'uwa a duniya.”

Na sa tsinken a aljihun mai tabon, na ce, “Ina da ita. Bar rigar haka.”